Daga Zonkwa da Kifi a Tulu

Gari bai gama wayewa ba muka kama hanyar tasha, ni da maigidana, ranar Asabar da ta wuce. Shi yana saɓe da tsohuwar katifar yara a naɗe, ni kuma na rungumo sabon tulu wanda babu ko ɗigon ruwa a ciki. Zonkwa za mu ɗauko kifi. Ba na miya ba, na kallo.

Wata malama ce 'yar Indiya, mai koyar da kimiyya a wata sakandare a can, ta aiko mini da wasiƙa. Mun saba tun lokacin da mijinta ya kwanta a asibitin da nake aiki a nan Kafanchan. Bara ya rasu, aka binne shi a maƙabartar majami'arsu a Zonkwa. Yanzu za ta koma ƙasarsu, ga shi ya bar kifaye bakwai a akwatin gilashi. Jirgin sama ba zai ɗauke su ba, ita kuma ba ta son barinsu a hannun wanda zai manta da su. Kaji na sani, awaki na sani, amma kifi a falo ban taɓa gani ba sai a hoton kalanda. Na aika mata cewa ina tafe.

Ƙaramar bas muka samu. Kuɗin mota kwabo hamsin ne, amma har yau sule biyar kowa yake cewa. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi taushi, duk inda ka duba mutane ne a duƙe suna huɗa, wasu na shirin citta, wasu na dawa. Duwatsun Kagoro na bayanmu, hazo ya rufe kawunansu. Hanyar kuwa jar ƙasa ce, ruwa ya riga ya fara cinta. A Madakiya mangwaro ya yi arha har mata na cusa mana ta taga, muka saya muka haɗa da ƙosan da muka taho da shi.

Mun tarar da Malama ta ɗaure kayanta kaf, falon ya zama wayam, sai akwatin gilashin a kan tebur kusa da taga. Na durƙusa a gabansa na manta da gaisuwa. Girmansa bai wuce akwatin tufafi ba. A ƙasa yashi ne da 'yan duwatsu, da wata koriyar ciyawa mai rausaya a cikin ruwa. Kifayen ba su kai ɗan yatsana ba. Mazan ƙanana, wutsiyarsu kamar sabuwar atamfa, ja da shuɗi da ruwan lemo. Matan sun fi girma amma ba ado. Maigidana ya ce haka abin yake ko a wajen zakara, na harare shi.

Ta dafa mana shayi da madara da citta, irin na ƙasarsu, cittar kuwa tamu ce ta nan. Muna sha tana karanta mini dokoki, ina rubutawa a bayan ambulan. Ruwan famfo sai ya kwana biyu a buɗe kafin a zuba musu. Sabulu kada ya taɓa gilashin. Kada rana ta riƙa dukansa. Abinci abin da yatsu biyu suka ɗauka kawai, garin busasshen kifi, sai 'ya'yan sauro na cikin duro idan an samu. Ciyawar nan ita ke ba su iska, don haka ba ado ba ce. Da na tambayi dalilin kowace doka sai ta yi murmushi ta ce ashe ɗaliba ta samu. Ta yaba da tulun, ta ce zai riƙe sanyi.

Muka kwashe kifayen zuwa tulu, muka juye sauran tsohon ruwansu a garwa, muka naɗe gilashin a katifa. Da za mu fita ta dafa bakin tulun, ta ce da 'yar Hausarta, "Sista, kullum da safe shi yana gaida su kafin ya gaida ni." Ta yi dariya, idonta ya cika da hawaye. Na ce mata da yardar Ubangiji zan riƙe su.

A tasha direba ya so ya ɗora gilashin a saman mota tare da buhunan masara. Maigidana ya ƙi, ya biya masa kujera guda kamar mutum. Garwar ce aka ɗaure a sama. Kafin mu bar gari kowa a motar ya leƙa tulun. Wani dattijo da ke gefena, mai tsohuwar rigar soja, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, sai yaushe za su girma?"

"Baba, iyakar girmansu ke nan."

Ya kaɗa kai. "To, Allah ya kyauta."

Mun yi kusan rabin hanya, rana ta take, sai motar ta faɗa wani rami gab da wata 'yar gada. Tulun ya daki ƙarfen kujera. Ban ji ƙara ba, sanyi kawai na ji a cinyata. Na duba, zanena ya jiƙe sharkaf, ruwa na tsiyaya ta wata tsaga. Ban san lokacin da na ƙwala wa direba kira ba.

Ya tsaya yana mita, wai don kifin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba. Wata mata da ta sayo sabuwar langa don auren 'yarta ta kwance ƙullinta ta miƙo mini ba tare da na roƙa ba. Aka sauko da garwa, zan juye, sai dattijon nan ya riƙe hannuna. Ya tsoma yatsa ya ce ruwan ya sha rana, in na zuba su a ciki dafa su zan yi. Ya ɗauki garwar da kansa ya gangara rafi, ya tsayar da ita a cikin ruwa yana riƙe da ita har ta huce. Ni kuwa ina tsaye na karkata tulun, na toshe tsagar da tafin hannu, ina kallon ruwan yana raguwa. Ashe mutumin masunci ne kafin ya shiga soja.

Shida suka shiga langa lafiya. Na bakwai, wani namiji mai jar wutsiya, ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi, kafin mu wanke shi ya daina motsi. Na kasa jefar da shi, sai na tona 'yar ƙasa a gindin wata ɗorawa na rufe. Ba wanda ya yi dariya, har direban.

Da la'asar muka iso gida, mai langa ta biyo mu don ta karɓi kayanta. Muka zaɓi kusurwar da rana ba ta kaiwa muka ajiye gilashin, muka shimfiɗa yashin, muka dasa ciyawar, muka zuba ruwa a hankali ta kan faranti don kada ya tayar da laka. Surukata, wadda muke kira Mama, na zaune tana kallonmu. Na buɗe langa, sai na ga wasu ƙananan abubuwa suna wulgawa, ido biyu da wutsiya, kamar ƙwayar acca. Na ɗauka 'ya'yan sauro ne.

"'Ya'yan kifi ne," in ji maigidana.

"Kai, Malam, kifi ƙwai yake yi," in ji Mama. "Tun ba a haife ka ba nake fasa cikin kifi."

Ba ta rufe baki ba wata babbar mace ta tsaya cik, ta karkaɗa jiki, wani ɗa ya fito daga cikinta a naɗe, ya miƙe ya kama iyo. Mama ta ce, "Yesu!" Muna cikin mamaki sai wani babban kifin ya zo ya haɗiye ɗaya daga cikin 'ya'yan a gabanmu. Nan falo ya rikice. Mama ce ta ruga ta kawo rariyar shayi, ta ture ni gefe, ta riƙa tsamo su ɗaya bayan ɗaya tana sakawa a kwalba. Goma sha ɗaya ta tsira da su. Mai langa ba ta tafi ba sai da na yi mata alkawarin biyu idan sun yi ƙwari.

Na fita da tunanin kiwon kifi gilashi ne da ruwa. Na dawo na san cewa ruwa ma iri-iri ne, kuma abin da bai kai ɗan yatsa ba yana iya tsayar da mota cike da manya. Da ba don mutanen da ban ma tambayi sunansu ba, da ban iso da ko ɗaya ba.

Ranar Litinin na ba direban nan wasiƙa ya kai wa Malama. Ban ɓoye mata komai ba, na faɗi wanda muka rasa da waɗanda muka samu. Jiya ya dawo mini da takardata, ta yi rubutu a bayanta. Ta ce ta manta ba ta gaya mini zancen haihuwar ba, domin mijinta ne ke kula da wannan. Ta ce ta je maƙabarta ta gaya masa sun zama goma sha bakwai, yanzu za ta iya tafiya.