Alkunyar Ɗan Baturiya

Aikin jinya ne ya kai ni Riyad, ɗakin haihuwa na wani asibiti, na kuma sami masauki a unguwar Ulaisha, a wani tsohon bene mai kantin kayan masarufi a ƙasansa, irin wanda suke kira bakala. Maƙwabtana na ƙofa da ƙofa wani likitan ƙashi ne Bazazzagi da matarsa Baturiyar Ingila. A can ya yi karatu, a can suka haɗu, ta musulunta, suka yi aure. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma ta iya tuƙa tuwon shinkafa babu gudaji. Yaya take ce min, domin mijinta ya gaya mata haka ake kiran wadda ta girme ka.

Da cikinta ya tsufa aka duba aka ga namiji ne. Likita bai yi wata-wata ba ya ce sunan mahaifinsa marigayi za a sa. Ba ta ƙi ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne da ya ƙara da cewa shi ba zai iya kiran sunan da bakinsa ba, sai an nemo wa yaron alkunya. Ta ƙwanƙwasa min ƙofa da tambayar.

"Yaya, don me za a sa wa yaro sunan da ba za a kira ba?"

Na yi dariya, na ce mata a wajenmu ɗa ba ya gatsa sunan ubansa, ko da a kan jariri ne. Shi ya sa gidajenmu suka cika da su Abba da Halifa.

Sai ta ce, "To sunan yanka nasu ne. Na kira kuwa a bar min, in nemo daga wajen mutanenmu."

Likita ya amince, bisa sharaɗin a san ma'anar sunan, kuma ta zama mai kyau. Ita kuma ta ce ba ta son irin waɗanda kowa ya saba ji.

Ni dai har lokacin ban taɓa kawowa a raina cewa sunayen Turawa suna da ma'ana ba. Na ɗauka sauti ne kawai. Ita ma da na tambaye ta ma'anar nata, sai ta ɗaga kafaɗa. Ta ce mutum ɗaya ne zai sani, mahaifinta, tsohon ma'aikacin awon ƙasa da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyukan arewacin Ingila yana zana taswira. Sai dai tun aurenta hirarsu ta yi sanyi. Ba faɗa suka yi ba. In ta kira, zancen bai wuce ruwan sama da ciwon gwiwarsa ba, sai sallama.

Ranar Juma'a nakan ci abincin rana a wajensu. Wata Juma'ar, bayan mun ture farantin kabsa, dafa-dukan Larabawa, ta jingina waya da tulun gahawa ta kira shi. Wani dattijo ya bayyana a fuskar wayar, mai farin gira, sanye da rigar sanyi, mu kuwa na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Ta gaya masa buƙatarta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Thorley."

Likita ya ce, "Baba, me yake nufi?"

"Fili a tsakiyar daji, inda ƙaya ta yi yawa."

"Ƙaya kuma, Baba? Yaron ko fitowa bai yi ba."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. Baturiya ta dube ni da mamaki, daga baya ta ce min ta manta rabon da ta ji dariyarsa.

Daga nan abin ya zama na kowace Juma'a, kuma shi yake fara kira. Ya kawo Ramsey, tsibirin tafarnuwar daji. Likita ya ce shi ba ya haɗa ɗansa da kayan miya. Ya kawo Calvert, makiyayin maruƙa, na ce wannan ai sai 'yan'uwanmu Fulani. Ya kawo Kenelm, wai kwalkwalin jarumi. Ma'anar ta burge Likita, amma da ni da shi muka yi ta gwada faɗinsa harshenmu yana sarƙewa, ya ce in mu mun kasa, ina ga Hajiyarsa a Zariya. Akwai Oswin, wanda Baturiya ta so ƙwarai don daɗinsa a kunne. Tsohon da kansa ya ce mata ta dakata. Ya ce ma'anarsa abokin abin bauta, kuma ba Allah ɗaya ake nufi ba, gumakan kakanninsu ne na kafin zuwan coci.

"Na san ba zai yi muku ba," in ji shi. "Gara ku ji daga bakina."

Likita ya yi masa godiya har da dafa ƙirji.

Ni abin da ya fi kama hankalina shi ne yadda yake yanka suna gida biyu kamar goro. Ya ce yawancinsu sunayen wurare ne da mutane suka ɗauka suka tafi da su. Duk wanda ya ƙare da "ton", shingen gidaje ne a asali, Fenton kuwa ƙauyen fadama. Na ce ashe tunga ce, irin tamu. Ya sa na maimaita, na gaya masa yadda muke da Tungar wane da Unguwar wane. Sai tambaya ta juyo kaina. Ya ce mu ma muna da sunaye na kafin zuwan Larabci? Na faɗa masa Tanko, namijin da ya biyo mata, da Anaruwa, wanda aka haifa ana tsuga ruwa, da Nomau na lokacin noma. Ya ce da a garinsu ne, da rabin mutane Anaruwa ne. Na shiga buga wa gwaggona waya a Katsina ina tono wasu, don kada Juma'a ta same ni hannu rabbana. Ita ta tuna min da Citumu, wanda aka haifa lokacin da ake gasa sabon gero.

A wurin aiki ma na kasa kama bakina. Duk mai jegon da na miƙa wa jariri, 'yar Filifin ce ko 'yar Sudan, bayan na yi mata mabruk, wato barka, sai na tambayi sunan da ma'anarsa. Wasu sun sani, wasu su ce za su tambayi uwarsu.

Ana saura kaɗan ta haihu ya kira, wannan karon ba ya wasa. Ya ce ya daɗe da wani suna a ransa yana jin nauyin faɗa. Alden. Ba sunan wuri ba ne, sunan mutum ne tun fil azal, ma'anarsa tsohon aboki. Ya ce tunda yaron zai ɗauki sunan kakansa da ya rasu, ai ba baƙo ne zai zo gidan ba. Likita ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "Shi ke nan, Baba. An gama."

A hannuna aka haife shi. Aka yi suna a wani gidan hutawa da aka kama haya a unguwar Sulai, direbobi da injiniyoyi da abokan aikinmu suka cika wurin, aka ci rago da waina. Da aka sanar da Hajiya alkunyar ta waya, sai ta ce, "Aldini? To wane Dinin? Nuru ko Shamsu? Ina kuka kai rabin sunan?" Likita ya yi ta bayani. Ta ce ita dai ta ji addini a ciki, Allah ya raya. Har yau Aldini take ce masa, mai bakala ma haka.

Da sanyi ya shigo, tsohon ya zo ganin jikansa. Muka kai shi kasuwar Dira da la'asar, ya rungumi yaron a ƙirji ya hana kowa karɓa. A gaban ganuwar tsohuwar fadar Masmak ya tsaya ya tambayi Likita ma'anar Riyad. Likita ya ce dausayi ne, wuraren da ciyawa take tsirowa in an yi ruwa. Tsohon ya dubi kwalta da benaye, ya ce yana so a kai shi ya ga inda suke. Muka yi masa alkawarin fita bayan gari ranar Asabar. Daga nan ya ja mu shagon wani mai turaren wuta, ya sa Likita ya tambayar masa sunan mutumin da na ubansa da ma'anarsu, muna tsaye har aka kira magariba.