Ƙafar ƙanwata da na murza da hannuna

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ina sayar da abinci a Samaru, ɗaliban jami'a ne masu yi mini ciniki. Mace ce ni mai kafiya, in na faɗi magana ta zauna ke nan. A zumuntar mata ta majami'armu kuwa, duk wadda ta haihu ni ake kira in yi mata wankan jego, wai hannuna yana da kyau. Yabon nan ya hau mini kai.

Ƙanwata, wadda na riƙe tun rasuwar mamarmu, tana aure a Sabon Gari, mijinta yana aiki a wata masana'anta a Chikaji. Haihuwar fari ta zo mata da gardama, sai da aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Da aka sallame ta na kwaso ta zuwa ɗakina. Likita ya ce ta riƙa ɗan tattakawa, ni kuwa na ce me namiji ya sani game da jego. Na kwantar da ita, ko bakin randa ban bari ta je ba, kunu da farfesu har gado nake kai mata.

Ba a jima ba ta fara kukan sha-raɓarta ta hagu. Na duba, ta kumbura ta fi ɗayar, fatar tana sheƙi, ga ɗumi kamar an ajiye ta kusa da murhu. Na ce kumburin jego ne, kowace mace ta yi shi. Kullum da safe sai in gasa ƙafar da ruwan zafi, in shafa man kaɗanya, in murza iya ƙarfina. Tana ihu ina yi mata tsiya, wai 'yan boko sun cika raki. Ta roƙe ni mu koma asibiti, na ce maijego ba ta yawo kafin arba'in. Mijinta ma ya yi maganar, na ce masa sha'anin mata ne, ya haƙura don yana ganin girmana.

Daga baya ta ce numfashinta ba ya kai mata, in ta ja iska sai ta ji suka a ƙirji, zuciyarta tana ta bugawa ko tana kwance. Na ce sanyi ne ya shige ta, na dafa mata citta da kanumfari. Wata Asabar da hantsi ina tuƙa tuwo ta yi tari, ta nuna mini jini a hankici. Ta miƙe za ta ɗauki jaririyar, sai ta zube. Maƙwabta suka samo mota, na ɗora kanta a cinyata. Tana ta kiran Yaya, tana roƙo in buɗe mata taga, alhali tagogin a buɗe suke. Kafin mu kai asibiti ta cika.

Likitan da ya karɓe mu ya sa na faɗa masa yadda abin ya faro. Ya ce alamu sun nuna jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, gudan ya ɓalle ya je ya toshe hanyar jinin huhu, kuma haihuwa da aiki da doguwar kwanciya duk suna jawo haka. Da an kawo ta tun tana kukan ƙafa, akwai maganin tsinka jini. Na tambaye shi, murzar da na yi fa? Ya ce irin wannan ƙafa ba a murza ta.

Har yau mijinta bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na koyi cewa yawan jegon da na gani bai mai da ni likita ba. 'Yan'uwana mata, in ƙafa ɗaya ta kumbura, tana zafi tana ciwo, ga maijego ko wanda ya daɗe a kwance, kada ku gasa, kada ku murza, ku tafi asibiti a ranar. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya fara suka, ko takalmi kada ku tsaya nema. Kuma in mai ciwo ya ce a kai shi, ku kai shi. Tawa ta roƙe ni da bakinta, ni kuwa na yi mata dariya.