Gashin Tsattsewa a Hannun Gwaggo

A ɗakin gwaje-gwaje kowa Gwaggo yake kiranta, har Farfesa da ya girme ta. Aikinta awo. Sikelinta na cikin akwatin gilashi, numfashi kaɗai ya isa ya rikita shi, shi ya sa ta hana fanka, ta hana tari, ta hana dariya kusa da teburinta.

Gashin tsuntsaye take aunawa. Ruwan saman kowane yanki na da irin nauyinsa, abin da masana ke bibiya da sunan aisotof. Tsuntsu ya sha, alamar ta zauna a gashin da ya tsiro masa a can. In na'ura ta ƙona ɗan guntu, sai a gane yankin da ya fito.

Da can ba wanda ya kai Gwaggo raha. Bayan rasuwar ɗanta ta yi shiru, hannunta ya ƙara natsuwa, aka yi ta yaba aikinta. Ba ta taɓa amsa yabon ba.

Ran nan wata ɗaliba da ake kira Doguwa ta kawo guntun gashin tsattsewa ɗaya tak. Sauran sun gurɓace, tsuntsayen kuma sun riga sun tashi. In wannan ya salwanta, digirinta sai baɗi.

Gwaggo ta ɗauko shi da hantsaki. Doguwa ta tsaya a bayanta, ta toshe hanci da baki, kumatu sun kumbura.

"Ke 'yar nan, ni na ce ki daina numfashi gaba ɗaya?"

"Gwaggo, in na suma, ki ƙarasa awon kafin ki yayyafa min ruwa."

Dariya ta ƙwace wa Gwaggo. Gashi ya yi sama.

Suka durƙusa suna lalube. Farfesa ya turo ƙofa.

"Tsaya nan, ranka ya daɗe! Kada ka taka digirin yarinya!"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Daga nan ya hango gashin, maƙale a gefen tabarau ɗin Gwaggo.

Ta cire shi a hankali, ta wanke, ta bari ya bushe. Sannan ta kora su waje su biyun, ta rufe ƙofa. Sai da kafaɗunta suka daina rawar dariya ta sa gashin cikin ɗan ƙoƙon azurfa, ta naɗe, ta ɗora a sikeli. Lambobin sikeli suka yi ta yawo, suka tsaya.

"Nauyin ya isa!" ta ɗaga murya. "Doguwa, yi numfashi."