'Yan Dubiya Biyu a Benci Ɗaya

Yayana bai taɓa mallakar ko tayar mota ba, bai kuma taɓa sayo ko kwali ɗaya daga jirgi ba, amma da jigilar kaya ya riƙe gida har 'ya'yansa suka kawo ƙarfi. Dillali ne a bakin tashar jiragen ruwa. Mai kaya na neman mota, mai mota na neman kaya, shi kuma ya tsaya a tsakani ya ci la'adarsa. Ofishin nasa? Tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne, sai fanka mai kukan tsiya da waya biyu: ta masu kaya da ta direbobi.

Sirrin sana'ar, in ji shi, kada ɓangarorin su san juna, don ran da suka haɗu dillali ya zama ɗan kallo. Da mutum biyu tukunyarsa ke tafasa: wani attajiri mai shigo da tayil na daɓen ɗaki, da Dogo direban tirela. Shekara da shekaru Dogo na jan kwantenar attajirin, ko inuwar juna ba su taɓa gani ba. Yaya ya ce wa attajiri, "Direbobi ba a sakar musu fuska." Ya juya ya ce wa Dogo, "Mutumin nan mafaɗaci ne, ni kaɗai ke iyawa da shi." Allah ya shirya mini yayana!

Sai hawan jini ya kayar da shi, aka ba shi gado a asibiti. Ina zaune a gefensa attajiri ya shigo da kwandon lemo. Bai gama zama ba sai ga Dogo da ledar ayaba. Benci ɗaya ne a ɗakin.

Matar Yaya, baiwar Allah, baki har kunne ta ce, "Ikon Allah! Ranka ya daɗe, ai wannan ne ke ɗauko maka kaya."

Wallahi na tausaya wa Yaya. Ya yi tari, ya yi nishi, ya ce a kira nas, ya ce likita ya hana shi jin surutu. Suka rage murya, suka ƙara matsawa kusa da juna. Ashe mafaɗacin mutum ne mai barkwanci, har Dogo na share hawayen dariya. Kafin su tashi suka karɓi lambar juna, wai don su riƙa jin yadda mai jiki ya kwana.

Attajiri ya dafa kafaɗar Yaya, idonsa ya kawo ruwa. "Mu muka ja maka wannan ciwo, kullum kana kai da kawo a tsakaninmu," ya ce. "Kwanta ka huta, ɗan'uwa. Daga yau ba za mu sake wahalar da kai ba."

Dogo ya ce amin, har da shafawa.