Agogunan Jirgi a Motar Albashir

Duk wanda ya san Bagudo ya san motar Albashir, ko da bai san Albashir ɗin ba. Tsohuwar a-kori-kura ce da ya tsinto a bayan wani gareji, ba inji, ba gilashi, kaji na ƙwai a kujerar direba. Shekara biyu ya yi yana haɗa ta. Ya yanke rufinta ya rage mata tsawo, ya ɗora mata injin wata motar da ta fi ta girma, ya sa mata faffaɗan tayoyi a baya, sannan ya yi mata fenti kore shar kamar shinkafar fadama. In ta taso, tun daga nesa za ka ji gurnaninta.

Amma abin da mutane ke leƙawa su gani yana ciki. A gaban sitiyari ya kafa katako, ya jera agoguna uku masu bakin tagulla, kowane ya kai tafin hannu, da rubutun Faransanci a fuskarsu. Ɗaya na awon ƙarfin baƙin mai, ɗaya na zafin inji, ɗaya na wutar batir. Ba na mota ba ne. Daga wani tsohon jirgin ruwa suka fito, wanda ya daɗe kife a gaɓar kogi a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Benin. Wani dattijo ɗan ƙabilar Dendi mai suna Kanta, mazaunin Lolo, wanda ya tuƙa jirgin a zamanin ƙuruciyarsa, shi ya kwance su ya ajiye a ƙarƙashin gado. Albashir ya gyara masa injin ban ruwa, tsohon ya ɗauko su a ƙunshe cikin tsumma ya ba shi tukuici.

Albashir mutum ne mai fargaba, kuma da dalilinsa. Kafin ya buɗe gareji ya yi shekara goma sha huɗu yana kula da injin kwale-kwale a kan kogin Kwara. Wata rana da ruwa ya cika, inji ya buga a tsakiyar kogi, mutum arba'in a ciki da buhunan albasa. Mai ne ya tsiyaye ba wanda ya sani, domin injin ba shi da agogo ko ɗaya. Ruwa ya ja su har kusan la'asar kafin masunta su tare su. Ba wanda ya mutu, amma Albashir bai sake shiga kwale-kwale da sunan aiki ba. Tun daga ranar ba ya yarda da injin da ba zai faɗa masa halin da yake ciki ba. In yana tuƙi, rabin idonsa na kan hanya, rabi na kan tsinken agogon mai. In tsinken ya tsaya a kan huɗu, lafiya lau. In ya ɗan rausaya, sai zufa ta keto masa.

Matarsa Hamdiyya takan ce, "Malam, ko likita ba shi duban maras lahiya yadda kake duban agogon ga."

Ranar da abin ya faru, damina ta yi tsakiya. Ya kai wa wani mai niƙa injinsa a Geza, ya gama ɗaura masa, yana wanke hannu da hantsi, sai ga mutane sun ɗauko wani a kan amalanke da gudu. Yero ne, manomi, magidanci mai 'ya'ya biyar. Yana cirar ciyawa a gonar gero kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ƙafar ta riga ta fara kumbura. Motar kasuwa ta tafi tun safe, kuma mutumin ba zai iya zama a kan babur ba.

Mariyamu, matar Yero, ta zo ta durƙusa a gaban Albashir. "Malam, don Allah. Kai kaɗai ne da mota a garin ga."

"Ku sa shi," in ji shi.

Aka shimfiɗa tabarma a bayan motar aka kwantar da Yero, ƙanensa Ango ya zauna ya tallafe masa kai. Mariyamu ta shiga gaba. Albashir ya yi bisimilla ya tayar, tsinke ya hau kan huɗu, suka kama hanyar Bagudo.

Hanyar ta lalace da ruwan kwana biyu. Inda ba taɓo ba sai burji mai gargada, irin wanda ke sa haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Ya taka mota fiye da yadda ya saba. Ba a yi nisa sosai ba Ango ya buga rufin, ya sunkuyo ta taga.

"Jini na hito mai ga dasashi! Ƙara wuta, Malam!"

Ya ƙara. A lokacin ne ya ga tsinken agogon mai ya sauka zuwa uku.

Ya ce wa kansa girgizar hanya ce. Ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da ɗan yatsa. Tsinken ya yi rawa, ya sauko biyu da rabi. Agogon ya girme shi, ƙila tsufa ne ya sa yake ƙarya. In ya tsaya a banza, ya ɓata wa Yero lokacin da ba shi da shi. In kuma gaskiya agogon yake faɗa, shi kuma ya ci gaba, injin zai buga a tsakiyar daji, inda ba gida gaba ba gida baya.

Biyu.

"Lahiya, Malam?" Mariyamu ta tambaya, ganin yadda yake kallon katakon.

Albashir ya taka birki ya kashe mota.

"Mi ya faru? Don mi munka tsaya?" Muryarta ta tashi. Ango ya diro daga baya yana cewa ko a kan ƙarfe ne a tafi, in mota ta mutu su za su saya masa wata. Albashir ya ɗaga bonet.

Gefen injin ya yi baƙi ƙirin, mai na ɗiga ƙasa. Ya bi da ido har ya ga inda yake fitowa. Akwai wani siririn bututun jan ƙarfe da ke ɗaukar mai daga inji zuwa bayan agogon, wanda shi da hannunsa ya ja shi. Bututun ne ya tsage a gindi, yana fesar da man. Agogon da ya sa don ya tsare injin, shi ne ke zubar da jininsa.

Ba shi da wani bututun. Ya ɗauki filaya ya karye shi a ƙasan tsagar, ya matse bakin, ya lanƙwasa shi sau biyu, ya sake matsewa da dukan ƙarfinsa. Ƙarfen da zafi, ya ƙone shi a yatsu uku, bai ma ji ba sai daga baya. Ya jawo galan ɗin man da ba ya rabuwa da shi a bayan kujera, saura rabi, ya juye duka. Ya zaro sandar awo. Man ya taɓo layin ƙasa da ƙyar.

"Zai kai mu?" in ji Ango.

"Ban sani ba. Hau."

Ya tayar. Injin ya kama, inda ya matse bai ɗiga ba. Amma yanzu da bututun ya yanke, tsinken ya kwanta a kan sifiri, ba zai sake motsi ba. Ko man na zagayawa, ko ya ƙare, ba abin da zai gaya masa. Ya yi tafiyar minti biyu idonsa na komawa kan mataccen tsinken. Daga nan ya cire hularsa ya rataya a kan agogon.

Sauran tafiyar da kunne ya yi ta. Ya karkata kai yana sauraron ko zai ji ƙwas-ƙwas ɗin nan da ya taɓa ji sau ɗaya a tsakiyar kogi. Kowane dutse da ya bugi ƙasan motar sai ya ɗauka shi ne. Agogon zafi ya fara hawa a hankali. Mariyamu ta juya tana kallon mijinta ta gilashin baya, tana salati ƙasa-ƙasa ba tsayawa. Sau ɗaya ta ce, "Ya daina motsi," sai Ango ya ɗaga hannu alamar Yero na numfashi.

Ana kiran azahar suka shiga ƙofar asibiti. Ma'aikata suka fito da gado suka wuce da Yero. Albashir ya kashe mota, ya zauna riƙe da sitiyari, bai sauko ba sai da mai gadi ya zo ya ce ya gyara fakin.

Kwana tara Yero ya yi a kwance. An yi masa allurai, an ƙara masa jini, ya tashi. Ƙafar ta daɗe tana ba shi wahala, damina ta gaba ma da sanda ya riƙa zuwa gona.

Shi kuwa Albashir mako guda bai taɓa motar ba. Ya ce wa Hamdiyya zai kwance agogunan ya jefa a kogi inda suka fito.

"Kai ka sa bututun, ko agogon ya sa ma kainai?" ta tambaye shi. "Tahi ka tambayi mai su."

Ranar kasuwar Lolo ya hau babur ya je ya sami Kanta a rumfar masu saƙar taru. Ya nuna masa guntun bututun, ya kwashe labari ya faɗa masa. Tsohon ya jujjuya shi a hannu.

"Miƙe ka ja shi, ɗana?"

"Miƙe, Baba. Don shi yi kyau."

"To ai shi ya sa. Ko a jirgi ba mu jan shi miƙe. Naɗe shi akai zagaye uku kusa da inji, kamar gammo, in inji ya girgiza naɗin ya shanye. Balle kai da ke bisa burji."

Albashir ya koma gida da sabon bututu. Ya naɗe shi a jikin ƙotar guduma, zagaye huɗu maimakon uku, ya sa roba a inda ya ratsa ƙarfe. Ya yi kwana biyu yana hawa da sauka a hanyar Bahindi, yana tsayawa kowane ɗan nisa ya ɗaga bonet ya shafa gindin bututun da farin ƙyalle.

Direbobi biyu sun zo daga baya suna so ya nemo musu irin agogunan ya sa a motocinsu. Ya yi wa ɗaya. Ɗayan ya ce sauri yake, ba zai iya barin motarsa kwana uku don gwaji ba, Albashir ya ce masa ya nemi wani garejin.