Maraƙin Fadama Mai Ɗingishi

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina likitan dabbobi. Na zura hannu cikin saniya har kafaɗa, jaki ya harbe ni, raƙumi ya tofa mini yawu a gaban manyan baƙi. Duk ban ji kunya ba sai a hannun wani maraƙi da ba shi da jini ba shi da tsoka, yana cikin talabijin ɗin falona.

Bayan na yi ritaya, gidanmu na Nassarawa ya yi mana yawa ni da Hajiya. Yara sun watse. Unguwar kuwa an san ta, katanga doguwa, ƙofa a rufe, in ka ji motsi to mangwaro ne ya faɗo kan kwano. Autarmu tana aiki a Legas. Yarinya ce mai ladabi, kuma ladabin nata ne ya dame ni. In ta kira, ta gaishe ni, ta tambayi jiki, sai ta ce a ba ta Umma. Su yi awa guda suna dariya da uwarta, ni ina gefe ina goge tabarau.

Da ta zo babbar salla sai ta bar mini tsohuwar na'urar gem ɗinta, wai in rage zaman shiru. Na yi faɗa a fili, na koya a ɓoye. Da ta ga hannuna ya ɗan faɗa, ta sa ni a ƙungiyarsu: ita, da abokan aikinta biyu, sai ni. Kowace Asabar bayan la'asar nakan maƙala abin sauraro a kunne mu haɗu ta intanet. Suka ba ni aikin mai magani, wanda ke bin mayaƙa a baya yana warkar da duk wanda aka ji wa rauni. Auta ta ce aikin ya dace da ni. Daga baya na gano wanda bai iya saiti ba ake ba shi.

A cikin gem ɗin nan na san 'yata. Tana harbi tana zuba: shugabarta a ofis, mai gidan hayarta da ya hana ta shanya a baranda, wani saurayi da ta kora saboda yana ce wa tuwo nauyi. Ni dai ina biye da ita da kwalbar magani, ina sauraro. Sa'o'i biyun nan na Asabar nake jira tun daga Lahadi, ba zan ɓoye ba.

Ana nan sai masu gem ɗin suka fito da ƙari, wata sabuwar ƙasa ta fadama da nata dodannin. Auta ta turo mini jerinsu ta ce in haddace. Haddacewa ta yi mini kaɗan. Na ɗauko littafi na rarraba su gida-gida kamar zan koyar da ɗalibai. Akwai masu kama da kaska, kowace ta kai faranti, su manne maka a baya su tsotse ƙarfinka. Akwai wani mai ƙahon ɓauna da ba ya iya juyawa da sauri, har na rubuta a gefe cewa wanda ya zana shi bai san yadda ƙugun dabba yake ba. Akwai na sama masu tofin guba. Sai na ƙarshe, ɗan maraƙi mai dogon wuya, yana tsaye shi kaɗai a bakin ruwa yana ɗingishi yana kuka. Bayaninsa layi biyu ne: tarko ne, in ka matsa kusa uwarsa za ta ɓullo daga taɓo ta haɗiye kowa.

Na karanta, na ja layi a ƙasa da jan biro. Asabar ta farko da na hango shi, na bar mutanena suna fama da kaska na nufe shi da kwalbata. Uwar ta ɓullo. Muka mutu mu huɗu.

"Abba, me ka je yi?" in ji Auta.

Na ce, "Ciwon kofato ne. Dubi yadda yake taka gefen ƙafar."

Abokan nata suka yi dariya, yara masu tarbiyya. Asabar ta biyu dariyar ta ragu. Ta uku ba wanda ya yi dariya, sai ɗaya daga cikinsu ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da ta cika mini kunne. Washegari Auta ta turo saƙo: sun yi magana, saura dama ɗaya, in na sake za su nemi wani mai maganin.

Hankalina ya tashi fiye da yadda ya kamaci mai furfura. Ran Alhamis da hantsi na kunna ni kaɗai ina gwajin wuce maraƙin. Mai kula mana da shuke-shuke, wani dattijo daga ƙauyen Jigawa da ya tashi cikin shanu, yana ban ruwa a bakin taga. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya yi gyaran murya.

"Alhaji, wannan fa ƙarya yake yi."

"Wa?"

"Maraƙin. Ɗazu hagu yake ja, yanzu ya koma dama. Kuma mai ciwon ƙafa ba ya ɗaga kai yana kalle-kalle haka."

Na zura ido. Gaskiyarsa. Mako uku ina kallon dabbar nan da digirina da komai, mutumin ya gano ta daga taga da mesa a hannu. Na ce masa ai na lura, gwada shi nake yi. Ya ce, "Haka ne, Alhaji," ya ci gaba da ban ruwansa.

Asabar ta huɗu na shiga da shirina. Muka wuce kaska, muka kewaye mai ƙaho, na warkar da kowa a kan lokaci. Ga maraƙi can a bakin ruwa. Na san ƙarya ne, ina ma ganin ƙafar tana canzawa. Na kawar da kai. Sai ya yi kukan nan. Ɗingishin na jabu ne, amma kukan ba shakka daga bakin maraƙin gaske aka ɗauko shi, wanda aka raba da uwarsa. Kafin in yi shawara da kaina, babban yatsana ya riga ya danna. Uwar ta ɓullo ta haɗiye mu.

Abokan suka yi sallama a gajarce suka fita. Ya rage daga ni sai ita a layin. Na fara haɗa bayani a kan kukan, ta katse ni a hankali.

"Abba, haka ka yi ranar saukata."

Ban gane ba da farko. Ta tuna mini. Tana da shekara goma sha biyu, an yi mata zayyana a allo, malamai sun zauna a tsakar gidan nan, sai wani Bafulatani ya yi sallama a ƙofa, haihuwa ta gardame wa saniyarsa. Na ce wa Auta yanzu zan dawo kafin ta fara karatu. Sai bayan magariba na shigo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, saniyar na tuna sarai. Fara ce, ɗan ya zo da ƙafafun baya, kuma ya rayu. Kayan da Auta ta sa a ranar kuwa ko launinsu ban sani ba.

Ta ce, "Ina karatu ina leƙen ƙofa, har malam ya ce in dubi allona."

Na ce, "Ki yafe mini, Auta."

"Na daɗe da yafewa, Abba. Kawai dai ban taɓa gaya maka ba." Sai ta ƙara da cewa, "Su kam sun cire ka. Asabar mai zuwa mu biyu ne, kuma mu biyu ba za mu taɓa ƙetare fadamar nan ba."

Na ce ba komai. Sannan na roƙe ta ta karanta mini abin da ke kan allon nan. Ta yi dariya ta ce, "Yanzu?" Na ce yanzu. Na kashe hoton da ƙarar dodannin, na gyara zama. Ta yi bisimilla ta fara, ni kuma na zauna har ta kai ƙarshe.