Ranar da na karanta wa mai jego doka

Duk sanda warin alkol na wanke ciwo ya gamu da ƙamshin man shanu a hancina, sai in koma wani ɗan ɗakin likita a wani ƙauye kusa da Tarka. Abin da ya faru a can ba zai bar zuciyata ba muddin ina numfashi.

Shekarar da na ci bak ce, jarrabawar gama lakwal ta sakandare. A jakata akwai takardar zaɓen karatu, kuma ranar Litinin za a miƙa ta. Baba yana son in karanta shari'a, wai bakina bai san gajiya ba. Ni ma ina son haka, don ina son kalmomi, har nakan hango kaina cikin baƙar riga ina magana kowa ya yi tsit. Amma aikin jinya ma yana jana, ban san dalili ba. Da na rasa tsayayyar shawara, sai na tafi wurin gwaggona, wadda ta daɗe tana aikin jinya a wannan ƙauye.

Ran kasuwa da hantsi wata Bafillata ta shigo, ba ta girme ni ba, da jariri a zane. Kwanansa goma a duniya, jikinsa zafi, cibiyarsa ta kumbura an shafe ta da man shanu. Gwaggo ta tafi wanke hannu, ta tura mini rajista.

"Lauya, ki yi mana amfani. Rubuta sunansa, mu yi masa takardar haihuwa tun yana nan."

Na gyara zama, na ce, "Yaya sunan yaron?"

Ta juya fuska ga bango. Na sake tambaya, shiru. Na ɗauka Hausa ce ba ta ji, sai na ɗaga murya ina rarrabe kalmomi. Na gaya mata doka ta wajabta a rubuta kowane ɗa, wanda ba shi da takarda ba zai zauna jarrabawa ba, kuma uwar da ta ƙi ta tauye haƙƙin ɗanta. Har yau ina jin kunyar yadda jawabin ya yi mini daɗi a baki.

Ta ja zanen ta rufe jaririn, ta miƙe, ta nufi ƙofa. Rugarsu tafiyar rabin yini ce a kan jaki, kuma na san idan ta fita ba za ta dawo ba.

Gwaggo ta tare ta a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen hannu. "Zauna, ɗiyata. Ba wanda zai sake tambayarki komai." Sannan ta dube ni. "Ɗan fari ne. Ke da kika kai bak, sau nawa kika ji uwarki ta kira sunanki?"

Ko sau ɗaya. Ni ma ƴar fari ce, "ke" da "waccan" na tashi ina amsawa. Na san wannan kunya tun ban iya tafiya ba, amma da na riƙe biro sai na manta.

"Je ki layin masu nono," in ji Gwaggo. "Ki nemi tsohuwar da ta zo da mai jego."

Na samo surukarta a bayan ƙwarya. Da muka dawo, tsohuwar ta faɗi sunan da ƙarfi, har da na uba da na kaka, tana dariya. "Wannan ce ƴar boko? Ba a koya muku kunyar uwa a lakwal?"

Gwaggo ta wanke cibiyar a hankali, ta yi masa allura, ni kuma ina riƙe da ƴan ƙafafunsa. Uwar tana kallon bango har yanzu, kamar ɗan wata matar ne. Amma da ya tsala kuka, na ga yatsunta sun damƙe bakin benci har sun yi fari. Duk abin da bakinta ya ƙi faɗi yana cikin waɗannan yatsu.

Da la'asar zazzaɓin ya sauka. Suka hau jaki, takardar tana naɗe a bakin zanen tsohuwar. Ranar Litinin na rubuta aikin jinya. Baba ya yi kwana biyu yana huci, sannan ya sa albarka.

Ban raina shari'a ba. Duk abin da na faɗa wa matar nan gaskiya ne, kuma saura kaɗan gaskiyar tawa ta kore ta da ɗanta. Na koyi cewa kafin ka gaya wa mutum haƙƙinsa, sai ka fara sanin abin da ya rufe masa baki.

Sai bayan shekaru, ranar da aka ba ni wurin aiki na farko a Belbeji, Gwaggo ta gaya mini yadda aka yi tawa takardar haihuwar. Baba yana ci-rani lokacin. Innata ce ta goyo ni ita kaɗai, a ƙasa, tun daga ƙauyenmu har wancan ɗakin likita na kusa da Tarka. Ta ajiye ni a kan teburin rajista, ta juya fuska ga bangon nan da Bafillatar ta kalla, ta ƙi tashi har sai da aka samo wanda ya faɗi sunana.